Ɗan shekara 8 a kan dusar ƙanƙara: ina aikin iyaye ya fara, ina ya tsaya?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, musamman ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau za mu yi nisa da gida. Za mu hau duwatsun Turai da Arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa na tsawon watanni, mu yi magana kan tseren zamiya, wanda masu shi ke kira ski, da kuma yadda iyaye ya kamata su riƙe ƙananan yaran da ke koyon sa don gasa. Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu, mu da hunturunmu bai wuce hazo da fashewar leɓe ba? Ai muna da 'yan uwa a Kanada, Norway, Jamus da Amurka waɗanda yaransu ke tasowa a cikin wannan sanyin, kuma kulob ɗin zamiya na bayan gidansu. Sannan tutar Afirka ta Yamma ta taɓa hawa can: Kwame Nkrumah-Acheampong ya wakilci Ghana a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, Samuel Ikpefan kuma ya wakilci Najeriya a Beijing a 2022, a ɓangaren tseren dogon zango.

Bari in fara da yadda wasan yake, don mu fahimci juna. Ana ɗaura wa mutum dogayen alluna biyu a ƙarƙashin wani takalmi mai tauri, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya gangaro daga saman dutse yana kewaye wasu sandunan da aka kakkafa a hanya. Akwai nau'in da sandunan ke kusa da juna, sai an yi ta lanƙwasa da sauri, shi ake kira silalom. Akwai babban silalom mai faɗin kwana. Akwai kuma na gudu zalla, inda manyan 'yan wasa ke wuce kilomita 130 a awa ɗaya. Ƙananan yara ba sa taɓa wannan na ƙarshen. Ana raba su rukuni-rukuni, 'yan ƙasa da 8, ƙasa da 10, ƙasa da 12, har zuwa sama, kuma sai a kusan shekara 16 ake shiga gasannin da hukumar wasan ta duniya, FIS, ke ba wa maki.

To ga inda tarkon yake ga iyaye. Wasan nan da agogo ake auna shi, har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Yaro na tsallake layin ƙarshe lamba za ta fito, kowa na gani. Ga shi kuma wasa ne mai cin kuɗi: alluna, takalmi, hular kwano, kayan sanyi, tikitin hawa dutse, kuɗin koci, man mota da asuba. Uban da ya kashe wannan duka, sannan ya tsaya awa uku a cikin sanyi yana jiran zamiyar da ba ta kai minti ɗaya ba, da wuya zuciyarsa ta ƙi tambayar “to me muka samu?” Daga ranar da yaro ya fara karanta wannan tambayar a fuskar babansa, wasan ya fara zama bashi a wuyansa.

Ƙasar da ta fi burge ni a wannan fannin ita ce Norway. Mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Amma a Olamfik ta hunturu ta 2018 a Pyeongchang, Koriya ta Kudu, sun kwashi lambobin yabo 39, a Beijing a 2022 kuma zinare 16 suka ɗauka. Za ka yi tsammanin ƙasar da ke cin gasa haka tun yaro na rarrafe ake matsa masa. Abin ba haka yake ba. Tun 1987 hukumar wasanninsu ta fitar da ƙa'idoji kan haƙƙin yara a wasanni, aka sabunta su a 2007. A ƙarƙashinsu ba a fitar da jerin wane ne na ɗaya wane ne na ƙarshe sai shekarar da yaro zai cika 11. Ba ya shiga gasar zakarun ƙasa sai shekarar da zai cika 13. In za a ba da kyauta a gasar ƙananan yara, kowa sai ya samu. Kuma yaron na da ikon zaɓar wasan da yake so, ko wasanni nawa yake so ya haɗa.

Kar ku ɗauka yaran Norway ba sa gasa. Suna yi, kuma yaro ya san wanda ya riga shi, ba sai an manna masa a bango ba. Abin da dokar ta kashe shi ne gasar manya ta bayan fage, wato iyaye da kociyoyi masu son yin suna da ƙafar ɗan shekara 9. Dalilin kuma a fili yake. A wannan shekarun, wanda ya fi jiki da nauyi yakan fi gudu a gangara, kuma wanda aka haifa a Janairu ya girmi na Disamba da kusan shekara guda alhali rukuninsu ɗaya. Sau da yawa abin da agogo ke aunawa a nan girman jiki ne kawai. In balaga ta zo, jerin sai ya birkice. Wanda ke cin kofi a 10 zai iya ɓacewa a 15, ɗan tsamurmurin da ke zuwa na ashirin kuma ya fito, muddin bai riga ya gaji ya bar wasan ba. Shi ya sa a wurina aikin farko na uwa da uba shi ne su tabbatar yaron na nan a wasan lokacin da jikinsa zai gama zuwa.

Misali na biyu daga Amurka. Mikaela Shiffrin, an haife ta a 1995 a garin Vail na jihar Colorado. Ta ci zinaren silalom a Sochi a 2014 tana da shekara 18, a Maris 2023 ta wuce tarihin Ingemar Stenmark na nasara 86 a gasar Kofin Duniya, a Fabrairun 2025 ta kai 100. Iyayenta, Jeff da Eileen, sun shiga harkarta sosai, mahaifiyar ma ta yi shekaru tana yawo da ita a matsayin koci. Amma abin da aka san gidansu da shi tun tana ƙarama shi ne fifita atisaye a kan yawan shiga gasa. Ku yi lissafin da kanku. Ranar gasa yaro zai tashi da asuba, a yi tafiya mai nisa, ya yi ta jira a layi, ya yi zamiya biyu kowacce kamar minti ɗaya. Ranar atisaye zai sauko dutsen sau goma sha wani abu, koci na gyara masa tsayuwa. Wanne ne ke gina ƙafa? Iyaye da yawa na bin gasa kowane ƙarshen mako ne saboda a can ake samun hoton ɗorawa a Facebook.

Kuma ba sai babban dutse ba. Lindsey Vonn, wadda ta ci zinaren gudu zalla a 2010, ta fara ne a wani ɗan tudu mai suna Buck Hill a Minnesota, wanda tsayinsa kusan mita 100 ne kacal. Gajeren tudu na nufin ana saurin komawa sama a sake saukowa.

Yanzu wani zai kawo mini labarin gidan Kostelić na Kuroshiya, ya ce ai matsi na aiki. Gaskiya ne uban, Ante, shi ya horar da Janica da yayanta Ivica cikin talauci, har kwana a mota da tanti suna yi don ba kuɗin otal. Janica ta ci zinare 3 da azurfa 1 a Salt Lake City a 2002. Amma ku ƙarasa labarin: ta sha tiyata a gwiwa, kuma ta ajiye wasan a 2007 tana da shekara 25. Sannan muna jin labarinsu ne saboda sun yi nasara. Gidajen da suka bi irin wannan hanyar, yaron ya karye ko ya tsani wasan da uban gaba ɗaya, ba wanda ke yin fim a kansu.

Mu sauko kan abin da ke hannun iyaye kai tsaye, wato jikin yaron. Takalmi shi ne kan gaba. Mu mun saba saya wa yaro takalmi da ɗan girma “don ya daɗe yana sawa”. A nan wannan dabarar haɗari ce, domin ta takalmin ne umarnin ƙafa ke isa ga allo. In ƙafa na yawo a ciki, yaro ba zai iya juya allon yadda yake so ba. Gara a sayi na hannu da ya yi daidai, ko a ɗauki haya na kaka ɗaya, da a sayi sabo mai girma. Yawancin kulob-kulob na shirya kasuwar musayar kaya kafin hunturu ya shiga. Maƙalin da ke haɗa takalmi da allo kuma an yi shi ne ya saki ƙafa idan an faɗi, kuma ana saita shi da nauyin yaro, tsayinsa da ƙwarewarsa. A kai wa masu shago su saita, uba kar ya ɗauki sukundireba ya ƙara ɗaure shi don allon ya daina fita. Raunin da ya fi addabar 'yan wannan wasan tsinkewar jijiyar gwiwa ne, a ƙananan yara kuma karayar ƙashin ƙwauri. Hular kwano ba ta da ranar hutu, kuma in ta sha bugu mai ƙarfi a canza ta ko da ba a ga tsaga ba. In yaro ya bugu a kai ya ce yana jin jiri, ko ya fara amai, ko ya rikice, wasan ranar ya ƙare, sai likita ya gan shi.

Sai sanyi. Yaro ya fi babba saurin rasa ɗumin jiki, kuma ba lallai ya faɗa ba don kar a ce rago ne. Kaya hawa-hawa, na ciki kar ya zama auduga saboda tana riƙe gumi ta huce a jiki, safa ɗaya mai kyau maimakon uku da za su matse jini, safar hannu ta biyu a jaka. Ɗan abinci a aljihu da abin sha mai ɗumi. Rabin kukan da yara ke yi a bakin layin farawa ba tsoro ba ne, yunwa ce da daskararrun yatsu. Tabarau ma dole ne, don hasken rana da dusar ke mayarwa na iya ƙona ido.

Ranar gasa kuwa, a bar koci ya yi aikinsa. Yaro ɗan shekara 8 ba zai iya riƙe umarni biyu masu karo da juna ba, koci ya ce kaza, Baba ya tsaya a gefen hanya yana ihun wani abu dabam. In kana da ƙorafi kan horon, ka sami kocin kai kaɗai a wani lokacin, ba a gaban yaron ba. Kuma a wannan wasan faɗuwa ko tsallake sanda a cire ka daga gasa abu ne na yau da kullum. Shiffrin ɗin nan da muke magana, a Beijing a 2022 sau uku tana fita daga hanya ba ta ƙarasa tsere ba, duniya na kallo. In hakan ta faru da ita, ɗanka fa?

Wurin da na fi jin tsoro shi ne cikin mota a hanyar komawa gida. Yaro a gajiye, ba inda zai gudu, uba ya kunna sharhin kwana ta huɗu da ta bakwai. Ni dai shawarata, a tambaye shi me zai ci, a bar shi ya fara kawo maganar tseren da kansa in yana so. In zai yi magana, a tambaye shi wane wuri ne ya fi masa daɗi a hanyar. Kuma fuskar da aka nuna masa ranar da ya zo na uku ita za a nuna masa ranar da ya zo na talatin, don yara sun fi mu iya karanta fuska.

Idan dusar ta narke, a bar shi ya buga ƙwallo, ya hau keke, ya yi iyo, ya yi tsalle-tsallensa. Duk suna gina daidaiton jikin da zamiya ke buƙata, kuma suna hutar da gwiwa daga aiki iri ɗaya. A cikin kakar ma, a bar masa ranakun da zai zame da abokansa cikin itatuwa da ƙananan tudu ba agogo ba sanduna.

In kuma wata rana ya ce ya gaji, a zauna a ji dalili kafin a yi lissafin kuɗin da aka kashe. Wataƙila takalmi ne ke cin sa, ko wani yaro ke tsokanarsa a kulob, ko koci ne mai tsawa, waɗannan duk ana gyara su. Wataƙila kuma ƙwallon ƙafa yake so, to kayan nan ana sayar da su a kasuwar musaya ta kaka mai zuwa.

Nan za mu dakata. 'Yan uwa da ke ƙasashen sanyi, ku gaya mana yadda kulob ɗin yaranku ke tafiyar da gasar ƙanana. Sai mun haɗu a shiri na gaba.