Battlefield 6: Shin sabon wasan yaƙin ya gaji sunan gidansu?

A ranar 10 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar da Battlefield 6, sabon wasan bidiyo na yaƙi da aka daɗe ana jira. Kamfanin ya ce cikin kwana uku kacal ya sayar da fiye da kwafi miliyan 7, abin da babu wani wasa mai wannan suna da ya taɓa yi. Guntayen bidiyonsa sun bazu a TikTok da Facebook, har sun iso salular matasa a Maradi da Tasawa da Mayahi da ƙauyuka irin su Tchaké.

Tambayar da masu sha'awar irin waɗannan wasanni ke yi ita ce ko sabon ya kai na da. Ga mai gidan wasa da ke tunanin zuba jarinsa a sabuwar na'ura, da uban da ɗansa ya dame shi da maganar, akwai ta biyu: ko ya dace da halin da muke ciki a nan?

Daga ina sunan ya samo asali?

Kamfanin DICE na ƙasar Suwidin ne ya fara wannan jeri a shekarar 2002 da Battlefield 1942, wanda aka gina kan yaƙin duniya na biyu. Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin harbi shi ne faɗin fagen daga da yawan mutane. Ƴan wasa har 64 ne ke rabuwa gida biyu, wani a ƙasa, wani cikin tankar yaƙi, wani a jirgin sama. Kowa na da aikinsa a cikin tawaga, kuma jarumtar mutum ɗaya ba ta kawo nasara idan sauran ba su haɗa kai ba.

Daga baya aka ƙara masa wani abin da ya zama tambarinsa, wato rushewar gine-gine. Idan abokin gaba ya ɓuya a bayan bango, ana iya fasa bangon. Battlefield 3 na 2011 da Battlefield 4 na 2013 su ne waɗanda tsofaffin ƴan wasa ke yawan kafa misali da su har yau.

Me ya zubar masa da daraja?

A watan Nuwamban 2021 aka fitar da Battlefield 2042, sai kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu. Wasan ya fito da kurakurai masu yawa. An ninka adadin ƴan wasa zuwa 128 a manyan na'urori, amma filayen suka yi faɗin da mutum zai yi ta gudu bai ga kowa ba. An kawar da tsohon tsarin rabon aiki, aka kawo wasu gwanaye masu suna da kowa ke ɗauka don kansa. Babu kuma ɓangaren labari da mutum zai buga shi kaɗai. Jama'a da dama suka watse, wasu suka koma wajen babban abokin hamayyarsa, Call of Duty.

Saboda haka Battlefield 6 ya zo ne da bashi a wuyansa. Kamfanin ya haɗa cibiyoyi huɗu a kan aikin: DICE, da Criterion na Ingila, da Motive na Kanada, da Ripple Effect na Amurka.

Me sabon ya gyara?

Ya koma gida. An dawo da adadin 64, an kuma maido da rukunan soja huɗu: mai kutsawa gaba, da injiniya mai gyaran motocin yaƙi da lalata na abokan gaba, da mai tallafi da ke raba harsashi da jinyar waɗanda suka faɗi, da mai leƙen asiri da ke harbi daga nesa. Gine-gine na sake rushewa, kuma yanzu mutum na iya jan abokinsa da ya ji rauni zuwa wurin ɓuya kafin ya tashe shi.

Labarin ya faro ne daga shekarar 2027, lokacin da aka ƙaddara cewa ƙungiyar tsaro ta NATO ta dare, wani kamfanin sojojin haya mai suna Pax Armata ya cika gurbin. Ana gwabzawa a titunan Alƙahira, da Jibralta, da birnin New York, da duwatsun Tajikistan. Duk ƙagagge ne, sai dai kalmar sojojin haya ba baƙuwa ba ce ga mai sauraron labaran Sahel.

Masu sharhi sun yaba wa ɓangaren da ake bugawa da jama'a ta intanet. A dandalin Steam na masu kwamfuta kaɗai, sama da mutum 700,000 sun shiga wasan a lokaci guda a ranar da ya fito.

Ina ya gaza?

Suka biyu aka fi yi masa. Na farko, da yawa daga filayen da ya fito da su sun yi ƙanƙanta, har wasu na cewa ya fara kama da Call of Duty, inda ake harbi ba ƙaƙƙautawa ba tare da sararin tsara dabara ba. Na biyu, ɓangaren labarin da mutum ke bugawa shi kaɗai bai burge ba. Gajere ne, kuma masu sharhi da dama sun ce shi ne mafi rauni a cikin wasan.

Wannan suka na biyu ya fi shafar mu, domin abin da ya fi daɗi a wasan yana buƙatar intanet mai ƙarfi, abin da ya rage wa mai raunin rezo kuma shi ne ɓangaren da aka fi kushewa.

Zai yi aiki a Tchaké ko Mayahi?

A nan lissafin ke sauyawa. Wasan na aiki ne kawai a PlayStation 5, da Xbox Series, da kwamfuta mai ƙarfi. Ba ya hawa PlayStation 4, balle waɗanda suka girme ta, alhali tsofaffin na'urorin ne aka fi samu a gidajen wasanmu. Kuɗinsa lokacin fitowa dalar Amurka 70 ne, wato wajen jaka 40 na sefa, ban da kuɗin na'urar, ban da kuɗin rajistar da ake biya a PlayStation kafin a buga da jama'a ta intanet.

Sannan ba a raba allo gida biyu a cikinsa. A wasan ƙwallo yara biyu ko huɗu na zama gaban talabijin ɗaya, kowa ya biya nasa. A Battlefield 6 na'ura ɗaya mutum ɗaya take ɗauka. Ga mai gidan wasa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai batun rezo. Manyan kwamfutocin da ke haɗa ƴan wasa a ƙasashen waje suke. Idan saƙo ya yi jinkiri ko da ƙasa da daƙiƙa ɗaya ne, za a harbe ka kafin ka ga wanda ya harbe ka. Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, amma kayansa da kuɗin watansa ƙarin nauyi ne. Ga kuma wutar lantarki: mazauna jihar Maradi ba su manta da watannin da Najeriya ta yanke wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024 ba, a karkara kuwa da yawa da hasken rana suke cajin salula.

To, a salula fa?

Babu Battlefield 6 na salula. Kamfanin ya taɓa fara wani Battlefield na waya, ya soke shi a farkon 2023. Duk wanda ya turo maka adireshin sauke shi a waya, ka yi hattara, domin ta irin wannan hanya ake cusa manhajojin satar bayanai. Akwai ɓangaren kyauta mai suna Redsec da aka buɗe a ranar 28 ga Oktoban 2025, amma shi ma sai da waɗancan manyan na'urori.

Abin da ya faru da Call of Duty darasi ne. Na salula da ya fito a Oktoban 2019 ya samu karɓuwa a duniya, har aka sauke shi sau miliyan 100 a makon farko. Amma Warzone Mobile da ya biyo baya a Maris ɗin 2024 ya yi wa wayoyi da dama nauyi, aka janye shi daga kasuwa a Mayun 2025. Free Fire kuwa, wanda ba shi da tsohon suna, ya mamaye ƙananan wayoyi saboda bai da nauyi.

Hukunci

Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma a fagen da aka san gidansu da shi, Battlefield 6 ya gada. Ya wanke sunan da 2042 ya ɓata, ko da yake labarinsa bai kai ba.

Amma mai son sayensa a nan ya fara tambayar kansa abu uku: na'ura, rezo, da wuta. Idan ɗaya ya gaza, kuɗin sun tafi a banza. Iyaye kuma su sani cewa hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware shi ga ƴan shekara 17 zuwa sama, saboda zubar da jini da munanan kalamai da ke cikinsa.