Furen Damisa: Tsiron da Ba Kauci Ba

Jama'a, wanda duk ya hangi tsiro zaune bisa reshen itace, abin da zai fara faɗa shi ne kauci. To, akwai wani tsiro na dazuzzukan Afirka da ke zama haka, amma ko kusa ba dangin kauci ba ne. Masana ilmin tsirrai suna kiransa Ansellia africana, Turawa kuwa suka laƙaba masa sunan damisa saboda ɗige-ɗigen ƙasa-ƙasa da ke jikin furensa rawaya.

Kauci yana kafa saiwarsa cikin naman itace, ya sha ruwan jikinsa. Shi kuwa wannan, masauki kawai yake nema. Saiwarsa iri biyu ce: wata ta rungumi ɓawon itacen, wata kuma ta miƙe sama tsirara-tsirara, ta yi kamar kwando. Cikin kwandon nan busassun ganyaye ke faɗawa su ruɓe, su zama takinsa. Saiwar tana da farar fata mai kamar soso wadda ke tsotse ruwan sama da raɓa, kara kuma mai kauri ne, wato rumbun da yake ajiyar ruwa don rani.

A wajen rabe-rabe, yana cikin babban gidan nan na okid, mai iri wajen 28,000. Alamar gidan tana ga fure: ganyen fure shida, uku a waje uku a ciki, ɗaya daga na cikin ya sāke siffa ya zama leɓe inda ƙwaro ke sauka. Ƙwayar irinsa kamar ƙura take, ba ta da guzuri, ba ta kuwa tsirowa sai wani naman gwari ya ciyar da ita.

Sunan yana da tarihi. John Ansell ya samo tsiron a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, lokacin tafiyar Ingilishi zuwa kogin Kwara ta 1841, John Lindley kuma ya raɗa masa suna a 1844. Daga baya, ganin yadda ɗige-ɗigen ke bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, aka yi ta ƙirƙiro sunaye, irin su Ansellia gigantea da Ansellia nilotica. A ganina an yi garaje, domin launi kaɗai ba ya raba iri. Yau masana sun mai da su duka iri guda, shi kaɗai a zuriyarsa. Danginsa na kusa su ne Eulophia, waɗanda su a ƙasa suke tsirowa, har a dajinmu na Arewa.