Akwati ko Kwando? Nazari a Kan Sunayen Ma'ajiyar Kayan Wasan Ƙananan Yara

1.0 Gabatarwa

Kayan wasan yara ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun da can akwai 'yar tsana da ƙananan tukwanen yumɓu da dawakin kara, daga baya kuma aka sami motar kara da ta langalanga. Sai dai irin waɗannan ba a cika yi musu ma'ajiya ba, domin idan sun lalace sabbi ake yi. Shigowar kayan wasa na roba daga ƙasashen waje, waɗanda ake saye da kuɗi, ita ce ta sa iyaye suka fara neman inda za su adana su. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba sunayen da Hausa take da su na ma'ajiya, da irin haɗarin da kowane rukuni yake ɗauke da shi ga jariri mai rarrafe da yaro mai koyon tafiya, sannan ta nuna cewa kalmar da mai fassara ya zaɓa wajen faɗakar da iyaye tana iya zama sanadin tsira ko salwantar rai.

2.0 Rabe-raben Sunayen Ma'ajiya

Idan aka yi la'akari da murfi da nauyi, ana iya kasa waɗannan sunaye kashi huɗu:

(a) Buɗaɗɗu: kwando, taskira, masaki, daro.
(b) Masu murfi marar nauyi: adudu, kwalla.
(c) Masu murfi mai nauyi da makulli: akwati, adaka, sunduƙi.
(d) Masu tsayi: kabad, durowa, kanta.

Abin lura a nan shi ne, yawancin kalmomin (c) da (d) aro ne. Masana sun danganta akwati da àpótí ta Yarbanci, sunduƙi daga Larabci take, kabad da durowa da kanta kuwa daga Ingilishi. Da kalmomin da kayan tare suka shigo, kuma aikinsu na asali shi ne tsare tufafi da kuɗi da kayan ado daga ɓarawo da ɓera, har ma daga yaran gida. Wato an ƙera su ne domin hana hannu shiga. Ma'ajiyar kayan wasa kuwa akasin haka ake bukata daga gare ta, domin yaro zai je gare ta sau da yawa a wuni, galibi ba tare da babba a kusa ba. Daga wannan saɓani ne haɗarin ya samo asali.

3.0 Ire-iren Haɗari

3.1 Faɗowar murfi. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu bai fi bakin akwati tsawo sosai ba. Idan ya ɗaga murfi ya leƙa, wuyansa ne yake sauka a kan gefen akwatin. Da zarar murfin ya suɓuce, sai ya danne wuya ko kai, yaron kuwa ba shi da ƙarfin ture shi, kuma ba lallai ne ya iya yin kukan da za a ji ba.

3.2 Rufewa a ciki. Yara suna son shiga lungu domin wasan ɓuya. A 1996 kamfanin Lane na Amurka ya yi shelar sauya makullan akwatunan katako miliyan 12 da ya ƙera tsakanin 1912 da 1987, saboda makullin yana datsewa da kansa, ba a kuma iya buɗe shi daga ciki. Duk da wannan shela, a watan Janairu na 2014 wasu yara biyu 'yan gida ɗaya sun shaƙe a cikin irin wannan akwati a jihar Masacusets. Irin wannan matsala ce ta sa tun a 1956 Amurka ta yi dokar da ta wajabta ƙera firji yadda za a iya tura ƙofarsa daga ciki.

3.3 Rikitowa. Yaro mai koyon tsayuwa duk abin da ya samu yake dafawa, wanda ya fara tafiya kuma yakan mayar da aljihunan durowa matakala. Idan aka jawo aljihu waje, nauyin durowar yakan koma gaba, nauyin yaron kuma ya ƙarasa kifar da ita. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowa miliyan 29 a Amurka bayan mutuwar wasu ƙananan yara, a watan Disamba na 2022 kuma aka sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin tsayuwar irin waɗannan kaya. Ajiye abin wasa a saman kabad tamkar gayyatar yaro ne ya hau.

3.4 Abubuwan da ke cikin ma'ajiyar. Jariri da baki yake gwada kome. A Amurka da Turai ana amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7 a matsayin ma'auni: duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya bai dace da yaron da bai kai shekara 3 ba. Idan aka haɗa kayan wa da na ƙane a wuri ɗaya, duwatsun wuya da tayar ƙaramar mota da ƙaramin batir mai kama da maɓalli duk za su kai ga bakin ƙaramin. Haka nan leda ba ma'ajiya ba ce, domin tana iya manne wa fuska ta toshe numfashi. Bokiti da daro kuwa, idan aka bar su a tsakar gida ruwa ya taru a ciki, yaro yana iya kifawa ciki ya kasa fitowa.

4.0 Yadda Ya Kamata a Zaɓa

Mafi dacewa shi ne abin da ba shi da murfi ko kaɗan, gajere, mai faɗin gindi, marar nauyi, wanda aka ajiye a ƙasa. Kwandon kaba ko na roba ya cika waɗannan sharuɗɗa, muddin an duba babu tsinke ko waya da ta fito, kuma ba shi da doguwar igiya. Adudu ma ya yi, domin murfinsa ba shi da nauyi, saƙarsa kuma tana barin iska ta shiga.

Idan ya zama dole sai akwati, ƙa'idar Amurka mai lamba ASTM F963, wadda dokar 2008 ta mayar wajibi, ta tanadi abubuwan da za a iya koyi da su. Na farko, a sa wa murfi madogarin da zai riƙe shi a duk inda aka sake shi, kada ya faɗo da kansa. Na biyu, kada a sa makullin da ba ya buɗuwa daga ciki. Na uku, a huda kafofin iska a inda ba za su toshe ba idan an jingina akwatin da bango. Na huɗu, a yi wurin haɗuwar murfi da jiki yadda ba zai datse yatsa ba. Wanda ya riga ya mallaki tsohon akwati, hanya mafi sauƙi ita ce ya kwance murfin gaba ɗaya. Kabad da kanta kuwa a ɗaure su da bango, a sa kaya masu nauyi a ƙasa.

5.0 Matsalar Fassara

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda aka kafa a 1971, tana duba kayan da ake shigowa da su daga waje. Amma akwatin da uba ya ba kafintan unguwa ya ƙera, ko wanda uwa ta ware daga kayan lefenta, babu jami'in da zai gan shi. Saboda haka abin da yake isa ga waɗannan iyaye shi ne maganar da suka ji a rediyo ko a asibiti wajen awo da rigakafi.

A nan ne nauyi ya hau kan mai fassara. Rubuce-rubucen Ingilishi a kan tarbiyyar yara sukan shawarci iyaye su tanadi wurin tara kayan wasa, kuma kalmar da ta fi saurin zuwa bakin mai fassara ita ce akwati. Fassarar ba ta saɓa wa ƙamus ba, amma hoton da take kawowa a zuciyar Bahaushe shi ne na ƙarfe ko katako mai murfi da kwaɗo, wato ainihin abin da ake gudu. Kalmar ma'ajiya kuma ta yi faɗi da yawa, domin ta haɗa har da kabad da durowa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ce kwandon kayan wasa, domin ma'anar kwando da kanta ta ƙunshi rashin murfi da rashin nauyi da shigar iska. Idan kuwa tilas ne a ambaci akwati, to a siffanta shi, a ce akwati marar murfi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Hausa ta riga ta bambance ma'ajiyoyi ta fuskar murfi da nauyi da tsayi, kuma wannan bambanci ya yi daidai da abin da masana kare lafiyar yara suka gano bayan asarar rayuka. Ya rage ga masu ƙirƙirar kalmomi da masu fassara saƙonnin kiwon lafiya su riƙa tambayar kansu wane abu mai sauraro zai ɗauko idan ya ji kalmar. Haka kuma akwai bukatar a yi irin wannan nazari a Yarbanci da Ibo da Fulfulde da sauran harsunan Nijeriya, domin kowanne yana da nasa rabe-raben.