Ko Kun Sani? Dangin Kazar Dutse Suna Amurka

Kazar dutsen da ke kuka da asuba a kan duwatsun Sheme da kewayen Faskari ba 'yar'uwar fakara ba ce, duk da cewa daji ɗaya suke kiwo. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa danginta na jini su ne salwar nahiyar Amurka, irin wadda ake gani a Kalifoniya da Meziko. A duk faɗin Afirka 'yar'uwa ɗaya tak gare ta, can cikin kurmin Kongo da Uganda.

Mai lura zai ga bambancin tun daga ƙafa. Namijin fakara ƙaimi biyu yake da su a kowace ƙafa, ita kuwa kazar dutse ko ɗaya babu. Ƙarama ce, ga jan fata kewaye da ido, kuma tana tafe wutsiya a ɗage kamar kazar gida, abin sha'awa ƙwarai. Masana sun ƙiyasta cewa ta rabu da danginta na ƙetare sama da shekara miliyan 30 da suka wuce. Kamar da take yi da fakara, zaman ƙasa da tonon abinci iri ɗaya ne suka kawo ta.