Sa'o'i Dubu a Gefen Majiyyaci

Idan hawan jini ya jawo wa mutum shanyewar ɓarin jiki, likita yakan ceci ransa, masu gashin ƙashi kuma su motsa masa gaɓoɓi. To amma wa zai sake koya masa kai loma baki, ko ɗaukar buta, ko riƙe fartanya? Wannan shi ne aikin masanin jiyya ta hanyar aiki, wato wanda yake mai da ayyukan yau da kullum su zama magani.

An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a Amurka cikin 1917, sana'ar kuma ta bunƙasa wajen jiyyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Nijeriya ana koyar da ita a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da kuma makarantar Gwamnatin Tarayya ta Oshodi a Legas. Ƙungiyarsu ta duniya, wadda aka kafa cikin 1952, ta sharɗanta cewa sai ɗalibi ya yi aƙalla sa'o'i 1,000 yana sanin makamar aiki tare da majiyyata kafin ya kammala. Wannan daidai yake da mako 25, in ana yin sa'o'i 40 kowane mako.

Dalilin wannan sharaɗi yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take. Idan jini ya daina isa wani sashenta, ƙwayoyin wurin sukan mutu, amma na kusa da su suna iya ƙulla sababbin hanyoyin saƙo, muddin ana maimaita aikin da ake so a dawo da shi. Sauƙin ya fi sauri cikin wata 3 zuwa 6 na farko. Sanin aikin da za a zaɓa wa kowane majiyyaci, da lokacin da za a ƙara masa wahala, ba a samunsa daga allo. Gani ya kori ji.

Saboda haka ɗalibi yakan fara da kallo, sannan ya sa hannu a gaban malaminsa, daga ƙarshe a ba shi nasa majiyyatan yana rubuta rahoto. Akan zagaya da shi sashen ƙashi, da na taɓin hankali, da na yara. A Arewa, asibitin ƙashi na Dala a Kano da na masu taɓin hankali na Kware kusa da Sakkwato suna karɓar irin waɗannan majiyyata.

Amma babban darasi yana gidan majiyyaci. Littattafan ƙasashen waje suna maganar cokali da kujera, alhali manomin Dalijan a ƙasar Gwandu da hannun dama yake cin tuwo, a kan tabarma yake zama. Idan aka sallame shi daga asibiti a Birnin Kebbi ko Kalgo, iyalinsa ne za su ci gaba da horon. Dole ɗalibi ya iya naɗe ƙotar fartanya da tsumma ta yi kauri don hannu mai rauni, ya kuma iya yi wa matar gida bayani da Hausa.

Ɗalibin sakandare mai sha'awar wannan sana'a sai ya riƙe bayoloji da kemistiri da fizis da kyau, ya kuma koyi haƙuri da sauraron mutane.