Dalar Gyada Da Hanyar Jirgin Ƙasa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili kaɗan in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan hanyar kaya tsakanin Kano da Ikko.

A zamanin da, fatake su kan yi watanni da jakuna kafin su komo daga Gwanja da goro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai tafiyar mil wajen 700 zuwa bakin teku ta koma ta 'yan kwanaki. Turawa sun sa rai auduga za a riƙa lodi, amma manoma suka ga gyada ta fi kuɗi, tun 1912 suka duƙufa a kanta. Aka gama gadar Jebba bisa kogin Kwara a 1916, aka huta da ƙetarar da taragu cikin jirgin ruwa. Sa'an nan dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gyada da fatu da shanu su gangara Kudu, goro da gishiri da kananzir da yadi su hauro Arewa, taragu ba ya komowa wofi.

To, jama'a, ga abin lura. Kullum mu kan yi alfahari da dalar gyada ta zamanin su Alhaji Alhassan Ɗantata, kuma gaskiya ne ta nuna ƙwazon manomi. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya sa dala ta yi yawa har da ƙarancin kawunan jirgi da taragu. Buhuna suka yi ta jiran jirgi, wani lokaci har wata kakar ta riske su, ƙwari suna ci. Ashe amfanin gona bai zama dukiya ba sai ya sami hanya.

Daga baya fari na 1973 da cutar gyada ta 1975 suka karya noman, jirgin ƙasa kuma ya yi rauni, kaya suka koma kan manyan motoci. Lodin da jirgi guda zai ja, sai motoci da yawa su raba, su farfasa kwalta, kuɗin mai da na gyara kuma a ɗora wa mai saye a kasuwa.

An buɗe sabon dogo daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Ibadan a 2021, aka kuma buɗe tashar kaya ta kan tudu ta Dala a Kano a 2023. Madalla. Sai dai tashar tudu ba ta cika amfani sai da jirgi mai zuwa kan kari. Ina roƙon hukuma ta ba kaya masu nauyi kulawa kamar yadda ta ke ba fasinja. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu dace, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.