Kuɗin Dangi da Neman Gida Mai Rahusa a Farcha

A Farcha, unguwar mayanka da masana'antu da ke bakin kogin Chari a gunduma ta ɗaya ta N'Djamena, akwai gidaje da dama da ba albashi ke riƙe da su ba. Wani ɗansa ne ke yi masa aike daga Jidda, wata mijinta na haƙar zinari a Kouri Bougoudi can arewa, wasu kuma hayar shagunan da mahaifinsu ya bari ake raba musu duk wata. Kuɗi ne na halal, da su ake ɗora tukunya. Amma ranar da mai irin wannan samu ya je neman gida mai rahusa ko bashin gini, sai a dube shi tamkar ba ya samun ko sisi.

A Chadi gidan rahusa yawanci fili ne ko gini da ake saya a riƙa biya sannu a hankali, ta hannun kamfanin filaye da gidaje na SOPROFIM, ko ta bashin banki irin na BHT, bankin gidaje da ya fara aiki a 2017. Shi kuwa banki ba ruwansa da labarin baka. Yana son takardar albashi, da shaidar wurin aiki, sannan albashin ya riƙa faɗawa a asusunsa don ya cire nasa tun kafin mai shi ya taɓa. Galibi abin da ake cirewa ba ya wuce kusan sulusi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar sefa 60,000 ne, sulusinsa 20,000, sai mai karatu ya auna buhun siminti nawa wannan zai saya.

A Amurka abin a juye yake. Can gwamnati ce ke cika wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin haya a ƙarƙashin shirin Section 8 na 1974, shi kuma ya biya kusan kashi 30 cikin ɗari na samunsa. Saboda haka aiken da dangi ke yi a kai a kai ana ƙirga shi cikin samu, yana iya ƙara wa mutum haya ko ya fitar da shi daga layi, amma kyautar da ta zo sau ɗaya ba a ƙirga ta. Dukiyar da aka ajiye wa mutum amana, wadda ba shi da ikon taɓa uwar kuɗin, ba a ɗauke ta tasa ba, sai ribar da ake miƙo masa. Dokar 2016 ta kuma hana tallafin ga mai kadarar da ta haura dala 100,000. Can ana ɓoye kuɗin dangi ne a shiga uku in an kama. Mu nan a nuna su ne ke gagara.

Dubi yadda aike ke zuwa. Ɗa ya ba wani ɗan kasuwa riyal a Jidda, a buga waya, tsoho ya hau babur ɗan kilando zuwa babbar kasuwa, a ƙirga masa sefa a baƙar leda. Abin da ya rage na shaida layi ɗaya ne a littafin mai shago. Shekara goma ana haka, banki bai san an yi ba. A ganina duk mai burin gida ya haƙura da ɗan cajin da ake yanka, ya buɗe asusu da sunansa, aiken ya riƙa biyowa ta nan ko ta Airtel Money da Moov Money, ya adana rasit. Wannan ba ya wajabta wa banki ba da bashi, amma yana ba mutum abin ɗorawa kan teburi. Wanda ke aiken ma, in yana da aiki tsayayye, yana iya tsayawa a matsayin mai lamuni.

Gado ya fi sarƙaƙiya. Gidan da 'yan'uwa tara suka gada ba a raba ba, ba wanda zai iya jingina shi shi kaɗai. Sai an yi zaman dangi a rubuce, an fitar da takardar magada a kotu, kowa ya san rabonsa. Dokokin ƙasa masu lamba 23, 24 da 25 na 22 ga Yulin 1967 sun sa takardar mallaka mai rajista ce cikakkiyar hujja, alhali abin da ke hannun mutane da yawa takardar ciniki ce da bulama ya sa wa hannu. Dukiyar marayu kuwa amana ce, wanda take hannunsa ba ya da hurumin shigar da ita cikin samunsa don a ba shi bashi.

Idan an haɗa takardu aka zo zaɓen fili, a tambayi maƙwabta iyakar inda ruwa ya kai a ambaliyar 2022 da ta 2024. Filayen bakin Chari da dillalai ke karyar wa farashi, sau da yawa dalilin arahar ke nan, kuma gara a je duba su a watan Oktoba, lokacin da kogin ke cika.